Ranar da Na Kai Sarkin Rasha Gidan Baba

Shekarun baya can, tun gashin kaina bai fara ja da baya ba, ina karatun digiri na uku a nan Greensboro. Kun san abin da nake karantawa? Tarihin Rasha. E, Rasha. Ranar da na fara yi wa mahaifiyata bayani a waya, sai ta ce, "To kai da aka tura Amurka, me ya haɗa ka da Rasha? Ko ɓatan hanya ka yi?" Tun daga ranar har na gama, in ƙawayenta suka tambaye ta, cewa take ina karatun malanta.

Bincikena a kan shekarun ƙarshe na sarautarsu ne, yadda aka yi ta roƙon sarki ya gyara, ya yi ta jan ƙafa, har gadon ya kife da shi. Ba zan wahalar da ku da sunayensu ba, sunan Barashe ɗaya sai ya sa ka ciji harshe.

A lokacin muna da ƙungiyar 'yan Arewa, Musulmi da Kirista, muna haɗuwa Lahadin ƙarshen wata a gidan Baba a Pleasant Garden, can wajen gari. Baba mutumin Filato ne, yana da wurin sayar da motoci a Gate City Boulevard, kuma shi ya kafa ƙungiyar tun wasunmu suna firamare. Matarsa, Mama, ita ce uwar duk wani ɗalibi da ya sauka garin nan. Azumina na farko a ƙasar nan, matar nan Kirista, kullum sai ta aiko mana da kunun gyaɗa da ƙosai kafin a sha ruwa. In ka yi mata godiya sai ta ce, "Ci ka yi shiru, ai uwarka ba ta nan." Suna da 'ya ɗaya, tana jami'a, siririya, ko ana zafi tana cikin rigar sanyi. Ba ta cika fitowa taro ba, mutane suka yanke mata hukuncin girman kai.

Baba yana da wata al'ada. Duk wata, bayan an ci masa da gwate, ɗalibi ɗaya zai miƙe ya faɗa wa jama'a abin da yake karantawa, da Hausa zalla. Kana sako Turanci dattawa za su haɗa baki, "Da Hausa!" Na ga wani mai karatun kwamfuta ya yi gumi kamar an watsa masa ruwa. Ni kuwa shekara biyu ina jiran layi ya zo kaina, don babu mai tambayata komai a garin nan in ba ina ake ajiye mota a makaranta ba.

Kafin layin ya zo, ƙungiya ta fara tsami. Matasa suna son a yi zaɓe, don tun da aka kafa ta Baba ne shugaba. Suna son a mayar da taro cikin gari, saboda ɗaliban da ba su da mota. Baba ya yarda a kafa kwamiti, kwamiti ya yi zama biyu ya kawo maganar zaɓe, Baba ya ce an rushe shi. Ga shi yakan soke taro ana gobe za a yi, ba dalili. Abokina, wanda muka zauna ɗaki ɗaya da shi, shi ne jagoran masu neman gyara, ni kuma ina bayansa ɗari bisa ɗari. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma akwai wani mutum da ke zaune can McLeansville, ana ce masa mai addu'a. Ba fasto ba ne, ba shi da coci, ba ya yawan magana. Sai ga Baba, wanda ba ya jin shawarar kowa, ya fara cewa, "Bari in ji ta bakin mai addu'a." To a garin da ko burodi sai ka hau mota za ka sayo, mota ce ke tona asiri, kowa ya san ta kowa. Mutumin yana da wata tsohuwar farar mota mai lotsattsen baya. Aka fara ganinta a ƙofar gidan Baba da rana tsaka, ranar aiki, lokacin da motar Baba take can wurin sana'arsa. Wannan ta gani, wancan ya gani. Magana ta fara yawo a waya, daga "Allah dai ya kyauta" har ta kai inda ba zan iya maimaitawa ba. Ana maganar Mama.

Saura mako guda in yi jawabina, abokina ya same ni yana murna. "Malam Barashe, Allah ne ya kawo ka! Ba labarin nan ba ne na sarauniya da bokanta? Ka ba su shi yadda yake. Kana zama zan miƙe in tambayi Baba a gaban kowa, me mutumin nan yake yi a gidansa in ba ya nan."

Na ce, "Kai, ka ji tsoron Allah. Zaɓe daban, mutuncin matar mutane daban."

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji shi. "Shekara nawa muna lallaɓawa? In ba a girgiza shi ba, ba zai sauka ba."

Muka yi ta yi har muka ɗaga wa juna murya. Abokina ba mugu ba ne, irin mutanen nan ne da in suka ga ƙofa a rufe, ba sa duba ko akwai taga. Ni dai na san abu ɗaya: in tambayar nan ta fito a bainar jama'a, gaban matan cocinsu da yaran da ta ciyar, ko me aka amsa, Mama ba za ta ƙara ɗaga kai a garin nan ba. Kuma labarina ne za a taka a hau. Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya. Amma ko na zo ko ban zo ba zai yi tambayarsa, ga shi kuma, in faɗa muku gaskiya, na riga na kai babbar rigata guga.

Ranar Asabar na kira mahaifiyata don in gwada Hausata a kanta. Na kwashe mata komai: majalisar da sarki ya kafa da ƙyar, ministan da ya so ba talakawa gona, yaƙi, yunwa. Ina jin ta tana tsintar wake. Can a ƙarshe na ce, "Dama ɗan sarkin ba shi da lafiya, shi ya sa bokan ya samu shiga."

Tsintar wake ta tsaya. "Wane irin ciwo? Shekarunsa nawa? Ita uwar tana samun barci kuwa?"

Na ce wannan ba shi ne jigon binciken ba.

"Kai dai an yi asarar kuɗin jirgi. Ka zubar da tsaba ka kawo min dusa. Yaron fa, ya warke?"

Na ce a'a, bai warke ba, bai ma girma ba. Ta yi salati, ta ce in bar ta haka nan. Da na ajiye wayar na zauna na juya jawabin gaba ɗaya, na kawo yaron farko. Ba don na hango komai ba, wallahi ban hango ba. Na dai ga in tsohuwa ta bar wake don yaron, to wataƙila su ma za su saurara.

Ranar Lahadi aka cika bayan gidan Baba, lokacin ganye ya fara ja yana zuba. Mu Musulmi muka yi La'asar a gefen ciyawa, aka jera kujeru. Baba yana kan kujerarsa mai hannu, Mama tana kusa da tukwane, mai addu'a yana can ƙarshe shi kaɗai da farantinsa, ba wanda ya zauna kusa da shi. Abokina ya zauna a gaba, ya ɗaga min gira.

Na miƙe na ce, "Jama'a, akwai wata mata, matar sarki. Ta haifi 'ya'ya mata huɗu, ƙasa tana jiran namiji. Da namijin ya zo, sai ya zo da ciwo: jininsa ba ya tsayawa. In ya yi tuntuɓe ya bugu, sai jini ya taru masa a gaɓa, ya kwana yana ihu, likitocin fada suna tsaye ba abin da za su iya. Kuma ta wajen uwar ya gaji ciwon, ta kuma sani."

Masu tauna suka dakata.

Na ce sarki da matarsa suka yanke shawarar kada kowa ya ji, don in aka san magaji ba shi da lafiya, gadon sarauta zai yi rawa. Sai ga wani baƙauye daga Saiberiya, mai addu'o'i, wanda in ya zauna kusa da yaron ya yi masa magana, yaron sai ya samu natsuwa. Har yau masana suna gardama a kan dalili. Uwar dai ba ta tsaya neman dalili ba, ta riƙe shi hannu bibbiyu. Mutanen gari kuwa ba su san da ciwo ba, abin da suke gani kawai shi ne ƙazamin baƙauye yana shiga fada yana fita. Da ba a ba su dalili ba, sai suka ƙirƙiro nasu, kuma kun san irin wanda mutane ke ƙirƙirowa.

Ban rage wa sarkin komai ba. Na faɗi yadda ya kafa majalisa bayan an yi masa bore, ta faɗi abin da ba ya so, ya rushe ta, aka sake wata, ya sake rushewa. Nan matasa suka fara gyaran murya, wani ya ce "Ato!" Baba ya gyara hularsa. Na faɗi ministan da ya fara raba wa manoma filaye aka harbe shi a gidan wasa. Da na koma kan majalisa bakina ya suɓuce na ce "parliament", Baba da kansa ya daka min tsawa, "Da Hausa!" aka yi dariya. Na faɗi yadda aka shiga babban yaƙi, sarki ya tafi fagen fama, matar tana sauya ministoci da shawarar baƙauyen, wanda shi ma ba waliyyi ba ne, yana da nasa halin. Manyan gari suka kashe shi suna cewa sun ceci sarauta. Ba a yi wata uku ba sarautar ta faɗi, daga baya aka hallaka iyalin gaba ɗaya, har yaron.

Na zauna ina jiran tafi. Ba a tafa ba. Muryar Mama na ji daga wajen tukwane, ludayi yana hannunta.

"Ɗana, da ta faɗa musu fa? Da ta fito ta ce yarona ba shi da lafiya, me za su yi mata?"

Na ce, "Mama, malamanmu sun hana mu cewa 'da'. Wataƙila da sarautar ta faɗi duk da haka, don yunwa da yaƙi ba ruwansu da wannan. Amma waɗanda suka zage ta, yawancinsu iyaye ne. Ina jin da wuya uwa ta ji wannan ta ci gaba da zagi."

"Ko kuma su ce jininta ne ba kyau," in ji Mama. "Su ce kada a haɗa zuri'a da su."

Kafin in buɗe baki, abokina ya riga ya miƙe. Na ja masa riga, ya fizge. Ya ce, "Baba, da izininka. Mun ji labari, kuma mu ba yara ba ne. Akwai wata farar mota..."

"Uncle, please. Zauna."

'Yar Baba ce. Ban san lokacin da ta fito ba, tana tsaye a bakin ƙofar kicin da rigar sanyinta. Hausarta irin ta yaran nan ce, tana ɗingishi, amma ta taka ta a haka.

"Yaron nan na labari, ni ce. Ina da sikila. Tun ina baby."

Mama ta ce, "Ke!" Ludayin ya faɗi.

"Mama, na gaji. I'm tired. Ina jin abin da suke faɗa a kanki, har a waya ta ake turo min." Ta juyo gare mu. "In ciwon ya tashi, kamar ana fasa min ƙashi. Muna zuwa asibiti, muna dawowa, amma akwai kwanakin da sai dai a jira ya wuce. Shi yana zama, yana min waƙoƙin coci da Hausa a hankali, har in yi barci. Shi ke nan. That's the car."

Ba wanda ya ce mata "Da Hausa."

Baba ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya ce, "Ni nake kiransa. Ni ba na iya jin kukanta. In ta fara, sai in kira shi, in gudu wurin motoci in zauna kamar ina aiki. Shi ya binne nasa ɗan can ƙasarmu da ciwon nan, ya iya zama da shi. Ni ban iya ba."

Mai addu'a bai ɗago ba, yana kallon farantinsa. Mama kuwa kuka take, tana cewa, "Gobe wa zai aure ta? Kun san mutanenmu. Wa zai aure ta yanzu?" Wata Anti ma'aikaciyar jinya, wadda na san da bakinta a cikin masu yaɗa maganar, ita ta fara tashi. Ta je ta durƙusa gaban Mama ta riƙe ƙafarta, ta ce, "Ƙanena ma da shi ya rasu. Ban taɓa faɗa wa kowa a garin nan ba." Sai ga wani daga baya ya ce 'yar yayarsa. Wata ta ce ita da mijinta sai da aka gwada jininsu aka ce su yi hattara. Jama'a, ashe rabin wurin kowa da nasa a ciki, an zo an jera kujeru ana cin masa ana ɓoye wa juna.

Abokina yana nan tsaye, ya rasa ta zama ya rasa ta tafiya. Na ji tausayinsa, duk da na so in shaƙe shi. Daga ƙarshe ya taka har gaban Mama ya tsuguna ya ce, "Mama, ki yafe min." Ta share ido da bakin zani ta ce, "Ka ci abinci kuwa?"

Kada ku ɗauka Baba ya sauka ranar. Ina! Ciwon 'yarsa ya bayyana dalilin soke taro da ƙin barin gida, amma son kujera nasa ne na kansa. Sai da aka ƙara wata da watanni ana ja, yana cewa yaran zamani ba su da haƙuri. Amma yanzu gardamar ta zama ta zaɓe kawai, ba sunan kowa a ciki, kuma mai addu'ar da muke zargi shi ya ce masa ya bari a yi. Aka yi zaɓe. Abokina ya tsaya, ya buga takardu masu hotonsa, Antin nan ta kayar da shi warwas. Har yau in ina son in ɓata masa rai, sai in tambaye shi ina ya ajiye sauran hotunan.

Abin da ya fi zaɓen shi ne abin da ya biyo baya. Aka raba kwanaki, wa zai kai asibiti, wa zai kawo abinci, wa zai zauna da Baba a wurin motoci don shi ma mai jinya ne. Da aka ce ana bukatar masu ba da jini, muka tafi rututu, abokina a gaba, ni a baya ina karanto duk addu'ar da na sani saboda tsoron allura. In ciwon ya tashi, ka bi ta titin nan na Pleasant Garden, za ka ga motoci sun cika ƙofar gidan har kan ciyawa. Farar motar tana ciki, sai ka duba da kyau kafin ka gano ta.

Na rubuta shafuka masu yawa a kan dalilin faɗuwar sarautar nan, kuma har gobe ina koya wa ɗalibai cewa ƙin gyara ne ya ci ta. Ban janye ba. Amma duk lokacin da na zo kan matar nan, sai in rage gudu. Mu mutanen rufin asiri ne, an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma gaskiya ne. Sai dai na ga wani rufin da mai shi yake shaƙewa a ciki, mutane kuma suna waje suna zana abin da suka ga dama. Na kuma ga cewa mai neman gyara, in ya rasa haƙuri, abin da ya fi kusa da hannunsa shi ne mutuncin mace. Har yau in na tuna saura kalma biyu abokina ya ƙarasa tambayarsa, sai in ji tsikar jikina ta tashi.

Bara aka yi bikin yarinyar. Ta gama karatu, tana aiki, ciwon yana nan, tana fama da shi, amma ba ita kaɗai ba. Angon ya san komai tun ranar farko, ita ta faɗa masa da bakinta, suka je aka gwada shi. Mama ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi. Mai addu'a aka ba kujerar gaba, kusa da Baba.

Da na dawo gida na kira mahaifiyata, ta tsufa sosai yanzu, sai an ɗaga murya. Na fara ba ta labarin bikin, abinci, mutane, wanda ya zo daga ina. Ta katse ni kamar yadda ta saba.

"Bar wannan. Yarinyar fa?"

Na ce, "Tana nan, Inna. Ta girma."